Chick Webb: Sarkin Kiɗan Da Ba A Naɗa Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa tarihin kiɗan jaz na ƙasar Amurka, ko da sama-sama ne, zai ci karo da wani laƙabi da ake maƙala wa Benny Goodman, wato Sarkin Suwing. A matsayina na ɗalibin harshe, wanda sana'arsa ke nan bin diddigin kalmomi da yadda ake raba su ga mutane, na daɗe ina tambayar wane ne ya yi wannan naɗi, a wace fada, kuma wa aka tsallake kafin rawanin ya sauka a kan mai shi. A ƙasar Hausa, idan aka ce wane Sarkin Taushi ne ko Sarkin Kotso, an san fadar da ta naɗa shi, an kuma san gidan da ya gaji abin. A Amurka ta shekarun 1930 kuwa, manyan jaridu da gidajen rediyo da kamfanonin faifai su ne masu zaɓen sarki, kuma kusan dukkansu a hannun fararen fata suke. Saboda haka nake son mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, mu waiwayi rayuwar wani makaɗin ganga da 'yan rawar unguwar Harlem suka ɗauka shi ne sarkinsu, ko da yake duniya ba ta ɗaura masa rawani ba.

Sunansa na yanka William Henry Webb, an haife shi ranar 10 ga Fabrairu, 1905, a birnin Baltimo na Jihar Maryland, cikin gidan talakawa baƙar fata. Tun yana ƙarami tarin fuka ya kama masa ƙashin baya, ya lanƙwasa shi, ya bar shi da ƙusumbi, ya kuma hana shi tsawo, ta yadda har ya bar duniya bai kai ƙafa biyar ba. Ƙanƙantar jikin nan ita ta jawo masa sunan Chick, wanda a Ingilishi ke nufin ɗan tsako. Ana ba da labarin cewa likita ne ya ba da shawarar a bar yaron ya riƙa kiɗa, ko gaɓoɓinsa za su saki. Sai ya shiga tallar jarida a titi, yana tara 'yan kuɗi, har ya mallaki gangunan kansa, kuma bai wuce shekara 11 ba ya fara kiɗa ana biyansa.

A tsakiyar shekarun 1920 ya tattara ya koma birnin Niyok. Lokacin nan ne baƙaƙen fata ke ta ƙaura daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, suna gudun wariya da ƙuncin gonakin auduga, har unguwar Harlem ta zama cibiyar marubutansu da mawaƙansu da makaɗansu. Duke Ellington, wanda ya riga shi samun gindin zama, shi ya taimaka masa ya sami aikin farko a wani gidan rawa, kuma zuwa 1926 Webb ya zama shugaban ƙungiyar kansa. Shekarun farkon ba su zo masa da sauƙi ba. Yana da kunnen gane gwani tun kafin gwani ya yi suna, amma ba shi da kuɗin riƙe shi, don haka masu hannu da shuni suka riƙa janye masa mutane. Johnny Hodges, mai busa saksofon, ya bar shi ya koma wurin Ellington a 1928, ya kuwa zama ɗaya daga cikin ginshiƙan waccan ƙungiya.

Sa'arsa ta tashi ne a 1931, lokacin da ƙungiyarsa ta zama ta gida a zauren rawa na Savoy. Wajibi ne in ɗan tsaya a kan wannan wuri, domin ba a fahimtar Webb sai da shi. An buɗe Savoy ranar 12 ga Maris, 1926, a kan titin Lenox, kuma tsawonsa ya cinye duk tsakanin layi na 140 da na 141. Yana da dandamali biyu na makaɗa, ta yadda kafin wata ƙungiya ta sauke, ɗayar ta ɗauka, kiɗa ba ya yankewa har gari ya kusa wayewa. Daɓen katako ne, kuma saboda yawan takawa sai an sake shi duk bayan shekara uku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙofar Savoy a buɗe take ga baƙi da fari. A Cotton Club, wanda ke nan kusa, baƙar fata ne ke kiɗa da rawa, farar fata ne kawai ke da izinin zama ya kalla. A Savoy kuwa abin da ake dubawa a jikin mutum shi ne ƙafarsa.

A kan wannan daɓe ne rawar da ake kira Lindy Hop ta girma. Rawa ce ta mutum biyu, namiji da mace, wadda ta tsiro daga rawar Charleston, inda suke riƙe juna su juya, sannan su saki hannu ɗaya kowa ya nuna tasa bajintar, su sake haɗuwa daidai kan kiɗa. Sunan ma abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe, domin ana danganta shi da Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman da ya tsallake Tekun Atilantika shi kaɗai a 1927, wanda jaridu suka taƙaita sunansa zuwa Lindy. Ka ga ke nan tun daga suna, rawar da matasan Harlem suka ƙago ta tashi da sunan wani Bature da bai taɓa taka ta ba.

To, mene ne shi suwing ɗin? Kalmar a Ingilishi tana nufin lilo ko shillo, kuma a ganina Bahaushe ya fi kowa saurin gane abin da ake nufi, saboda harshensa ya riga ya koya masa. Duk ɗalibin da ya zauna ajin tsarin sauti ya san Hausa tana da gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, kuma a kan jeranta su aka gina karin rubutacciyar waƙa. Kiɗan soja yana raba bugu gida biyu daidai wa daida. Kiɗan suwing kuwa yana ja wa rabin farko tsawo, ya gajarta na biyu, mai nauyi ya biyo da marar nauyi, a kai a kai, a kan bugu huɗu da ke tafiya ba tangarɗa. Wannan ɗan ɗingishi shi ke sa jiki ya riƙa lilo. Sannan ƙungiyar takan kasu kashi-kashi, masu ƙahonin tagulla a gefe, masu saksofon a gefe, wani kashi ya jefa gajeren zance ɗayan ya amsa, tamkar mawaƙi da 'yan amshinsa. Yawancin kiɗe-kiɗen an yanka su gida huɗu masu tsawo ɗaya, na farko da na biyu da na huɗu iri ɗaya, na uku ya bambanta, shi ya sa mai rawa ke sanin inda za a juya tun kafin a zo wurin.

A tsakiyar duk wannan Webb yake zaune, a kan wani ɗan tudu da aka gina masa, kewaye da ganguna manya da ƙanana da faranta na tagulla da ƙararrawa, da matakan ƙafa da aka ƙera musamman domin gajerun ƙafafunsa su kai. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Sai dai in an buga sabon tsari a gabansa, yakan haddace rabon kowane mai busa, ya san inda wane zai shiga da inda wane zai fita, ya share musu hanya da sandunansa. Mu da muka taso cikin al'ummar da ke ɗaukar dogayen waƙoƙi da ka, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, amma ya kamata ya tuna mana cewa rashin iya karatu daban, jahilci daban. Kuma idonsa kullum yana kan daɓe. Frankie Manning, ɗaya daga cikin fitattun 'yan rawar Savoy, ya ba da labarin ranar da ya fara wulla abokiyar rawarsa Frieda Washington ta bayansa a wata gasa a tsakiyar shekarun 1930, salon da daga baya ya zama tambarin Lindy Hop, kuma Webb ne ke kan ganga, yana bin kowane motsinsu da bugu. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A Savoy abin ya zama gaba da baya, rawa tana sauya kiɗa kamar yadda kiɗa ke sauya ta.

Kiɗe-kiɗen da suka fito daga wannan gida su ne har gobe ake sa wa masu koyon rawar. Akwai Stompin' at the Savoy, wanda Webb ya naɗa a faifai a watan Mayu, 1934, mai matsakaicin sauri, wanda ƙahoni da saksofon ke gaisawa a cikinsa kamar maƙwabta biyu da safe. Akwai Don't Be That Way, shi ma na 1934. Akwai Harlem Congo na 1937, mai gudun da sai ƙwararre ke iya bin sa, da Liza na 1938, wanda in aka ce in zaɓi faifai ɗaya da zai nuna wa mutum ko wane ne Webb a kan ganga, shi zan ɗauka. Guda biyun farko duk aikin mutum ɗaya ne, Edgar Sampson, mai busa saksofon kuma mai tsara wa ƙungiyar kiɗa. Goodman ya sake naɗar Stompin' at the Savoy a 1936, nasa faifan ya shiga gidajen da na Webb bai kai ba, kuma in ka duba sunayen waɗanda aka rubuta a matsayin masu kiɗan, za ka ga Goodman, ka ga Webb, sannan Sampson, da Andy Razaf wanda ya sa masa baitoci, wani jinin gidan sarautar Madagaska. Abin lura a nan shi ne, ɗabi'ar shugaba ya liƙa sunansa a aikin yaronsa ba ta tsaya ga farar fata ba, Webb ma ya ci moriyarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma a wannan labari Sampson ne ya fi kowa shan bugun.

Kunnen nan nasa na gane gwani bai daina aiki ba. Mario Bauzá, ɗan ƙasar Kuba mai busa ƙaho, ya shiga ƙungiyar a 1933, daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka aura wa jaz kiɗan Kuba. Louis Jordan ya zauna da shi daga 1936 zuwa 1938, kafin ya kafa tasa ƙungiyar da ta share fagen kiɗan da ya biyo bayan suwing. Amma babban abin da ya tsinta shi ne wata yarinya marainiya, Ella Fitzgerald, wadda aka haifa a 1917. Mahaifiyarta ta rasu a 1932, ta shiga gararamba, aka kai ta gidan horon yara, ta gudu, ta koma kwana inda dare ya yi mata a Harlem. Ranar 21 ga Nuwamba, 1934, ta hau dandamalin gidan wasa na Apollo a gasar 'yan koyo da niyyar yin rawa, ta ga waɗanda suka riga ta sun fi ƙarfinta, sai ta yi waƙa, ta kuwa lashe gasar. Da aka kawo ta wurin Webb a 1935, da farko ya ƙi, saboda ya ga suturarta da yanayinta ba su dace da dandamali ba. Abin mamaki, mutumin da duniya ta sha rainawa saboda surarsa, shi ma ya kusa faɗawa wannan rami. Ya dai yarda a gwada ta a wani wasa a Jami'ar Yale, ɗalibai suka karɓe ta, ya ɗauke ta.

A watan Mayu, 1938, suka naɗi A-Tisket, A-Tasket, wata tsohuwar waƙar wasan yara da Ella da Van Alexander suka sake wa fasali. Faifan ya hau kan gaba a kasuwar Amurka, ya kai sunan Webb inda gangarsa kaɗai ba ta kai shi ba. Wasu masu sharhi sun zarge shi da cewa ya mayar da ƙungiyar jarumai 'yan rakiyar mawaƙiya. Ni ban ga laifinsa ba. Lokacin karayar tattalin arziki ne, wadda ta fara a 1929, kuma mutum fiye da goma sha ne ke ci a ƙarƙashinsa. Ita kuwa Ella, shaharar da ta yi daga baya wajen rera sautuka marasa ma'ana, waɗanda ke tuna mini da amsa-kama a Hausa, inda sauti da kansa ke zana abin da ake nufi, ina da yaƙinin tushenta yana cikin shekaru huɗun da ta yi tana tsaye gaban gangunan Webb kowane dare.

Savoy tana da al'adar haɗa ƙungiyoyi biyu su kara, kowace a kan dandamalinta, 'yan rawa su yanke hukunci da ƙafa da tafi. Webb ba kullum yake ci ba, domin a 1937 ƙungiyar Ellington ta rinjaye shi, gaba da gabanta. Amma karawar da tarihi ya riƙe ita ce ta ranar 11 ga Mayu, 1937, lokacin da Goodman ya hau Harlem da rawaninsa, tare da makaɗin gangarsa Gene Krupa. An ƙiyasta mutum 4,000 ne suka shiga zauren, wasu 5,000 suka cika titi, sai da aka kawo 'yan sanda su tsare ƙofa. Wasu daga cikin kiɗe-kiɗen da ƙungiyoyin biyu suka buga iri ɗaya ne, don haka ba wanda zai fake da cewa waƙa ce ta fi waƙa. Jama'a da 'yan jaridar da suka halarta sun tafi a kan cewa Webb ne ya yi nasara, Krupa da kansa ya rusuna masa a gaban mutane, kuma bai taɓa ɓoye cewa an kayar da shi a daren ba.

Wata takwas bayan haka, ranar 16 ga Janairu, 1938, Goodman ya kai suwing zauren Carnegie, inda aka saba jin kiɗan manyan Turawa, taron da ake lissafawa a matsayin ranar da jaz ya sami mutunci a idon masu faɗa a ji. Kiɗan da ya buɗe da shi kuwa shi ne Don't Be That Way na Edgar Sampson. A wannan dare dai, can a Savoy, Webb yana karawa da Count Basie, Ella a ɓangare ɗaya, Billie Holiday a ɗayan. An sanar da Webb a matsayin wanda ya ci, ko da yake magoya bayan Basie ba su taɓa yarda ba. Dare ɗaya, birni ɗaya, amma taro ɗaya ne ya shiga littattafan makaranta.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa Goodman gwani ne na gaske a kan kilarinet, ya biya Fletcher Henderson da Sampson kuɗin tsare-tsarensu, kuma ya hau dandamali da Teddy Wilson da Lionel Hampton, baƙaƙen fata, a lokacin da yin haka ke iya rufe wa mutum kasuwa. Ƙorafina yana kan masu naɗin, waɗanda suka ga inda kogi ya faɗa teku suka ce nan ne mafarinsa.

Tun daga ƙarshen 1938 ciwon bayan ya taso wa Webb gadan-gadan. Ya ci gaba da yawon wasa, wani lokaci sai an ɗauke shi daga kan ganga bayan an tashi, saboda ya san in ya kwanta mutanensa sun rasa abinci. Daga ƙarshe aka kwantar da shi a asibitin Johns Hopkins na Baltimo, aka yi masa tiyata, ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1939, yana da shekara 34. Ella ta yi waƙa a wurin jana'izarsa, sannan ta riƙe ƙungiyar da sunanta har 1942. A 1947 aka buɗe wata cibiyar wasannin yara da sunansa a gabashin Baltimo, abin da ya yi burin gina wa yaran unguwarsu.

Gajartar kwana ma ta taimaka wajen dusashe sunansa. Ellington ya kai 1974, Basie 1984, Goodman 1986, duk sun ga zamanin talabijin da dogon faifai. Webb ya tafi a zamanin faifan garmaho mai minti uku, da na'urorin da ba su iya ɗaukar ƙarfin ganga yadda take, saboda haka abin da ya rage mana inuwar abin da 'yan Savoy suka ji ne kawai. Duk da haka manyan makaɗan da suka biyo baya, irin su Buddy Rich da Art Blakey, sun lissafa shi cikin malamansu. Savoy ta rufe a 1958, aka rushe ta aka gina gidaje. Manning ya yi kusan shekara talatin yana aiki a gidan waya, sai a shekarun 1980 matasa daga Amurka da Ingila da Suwidin suka nemo shi da sauran tsofaffin 'yan rawar, suka farfaɗo da abin. Shi da Norma Miller suka buɗe allon tunawa a inda Savoy take a 2002, ya rasu a 2009 yana da shekara 94. Yau daga ƙauyen Herräng na Suwidin har birnin Seoul na Koriya ta Kudu ana taka Lindy Hop, kuma faya-fayan Webb suna cikin waɗanda ake sawa, tare da One O'Clock Jump na Basie da Sing, Sing, Sing na Goodman.

Darasin da nake son mu ɗauka ya shafe mu kai tsaye. Laƙabi kalma ce, kuma wanda ke riƙe da alƙalami da makirufo shi ke raba ta. In al'umma ba ta rubuta sunayen gwanayenta da hannunta ba, wani zai rubuta mata, kuma zai fara da nasa. Kowa a cikinmu ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikin makaɗan kalangun da suka ɗauki muryarsa shekara da shekaru? Waɗanda suka san amsar suna nan da rai a garuruwanmu, amma tsufa yana cim musu. Sassan nazarin harsuna da al'adu na jami'o'inmu, da gidajen rediyon da ke ajiye da tsofaffin kaset, su ne ya kamata su tura ɗalibai da rikoda tun ana iya samun mai ba da labari.